Yaƙin Midway da Labarin Minti Biyar



Akwai wani labari da aka shafe kusan shekara hamsin ana maimaita shi a littattafan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Wai a safiyar Alhamis, 4 ga Yuni, 1942, a tsakiyar Tekun Fasifik, jiragen saman Japan sun jeru a doron manyan jiragen ruwansu, an ɗora musu makamai, injuna na ruri, saura minti biyar su tashi su tarwatsa rundunar ruwan Amurka. Sai ga jiragen Amurka sun keto gajimare sun zubo musu bama-bamai. Da an ƙara minti biyar, in ji masu labarin, da tarihi ya canza. Labarin yana da daɗi, kuma wanda ya fara ba da shi ganau ne. Duk da haka, ba haka abin ya faru ba. Zan kawo muku yadda yaƙin ya gudana, sannan yadda aka gano gaskiyar, domin akwai abin da ya shafi duk wanda ke son rubuta tarihi a cikinmu.

Abin da ya kai su Midway

A tsakiyar 1941 Amurka ta daina sayar wa Japan man fetur saboda mamayar da take yi a Sin da yankin Indocina. Japan ba ta da man kanta, sai ta ƙudurta kame rijiyoyin man tsibiran da yau ake kira Indonesiya. Don kada rundunar ruwan Amurka ta tare mata hanya, ranar 7 ga Disamba, 1941 ta kai harin ba-zata a sansanin Pearl Harbor da ke Hawai, inda ta kashe Amurkawa sama da 2,400. Sai dai an yi rashin sa'a a ɓangaren Japan: babu ko ɗaya daga jiragen ruwan Amurka masu dakon jiragen sama a tashar ranar.

Irin wannan jirgi, wanda zan riƙa kira jirgin dako, filin jirgin sama ne mai yawo a kan ruwa. Samansa shimfiɗe yake don tashi da sauka, a ƙarƙashi kuma akwai ɗakunan ajiye jirage, da mai, da makamai. A wancan yaƙin shi ne ya karɓe sarautar teku daga manyan jirage masu igwa, tun da jiragen samansa kan kai hari a nisan ɗaruruwan kilomita.

Wata shida bayan Pearl Harbor, Japan ba ta gamu da mai taka mata burki ba. Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu, 1942. Bama da Filifin sun bi baya. A watan Afrilu jiragen dakon Admiral Nagumo Chuichi suka shiga Tekun Indiya suka ragargaji Kolombo, suka nutsar da jirgin dakon Ingila mai suna Hermes. Wannan tekun ne sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu da kakanninmu da yawa, suka ratsa a 1943 da 1944 a kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama.

Amma ranar 18 ga Afrilu jiragen Amurka 16 suka tashi daga jirgin dako Hornet, ƙarƙashin Laftanar Kanar James Doolittle, suka jefa bama-bamai a Tokyo da wasu birane. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma abin kunyar ya yi girma. Babban kwamandan rundunar ruwan Japan, Admiral Yamamoto Isoroku, ya zauna a Amurka, ya yi karatu a Harvard, ya san ƙarfin masana'antunta. Ya san in yaƙi ya daɗe Japan ba za ta kai labari ba. Shi ya sa ya dage sai an janyo sauran jiragen dakon Amurka an gama da su a karo ɗaya.

Tarkon da ya zaɓa shi ne Midway: ƙananan tsibirai biyu, kimanin kilomita 2,100 arewa maso yamma da Honolulu, masu filin jirgin sama. Shirin shi ne a kai musu hari, a kame su, in Amurkawa sun fito daga Hawai kawo ɗauki sai a far musu.

Kuskuren da aka yi tun a gida

Yamamoto ya fito da jiragen ruwa kusan 200, amma ya rarraba su gida-gida, kowane rukuni nesa da ɗan uwansa. Ya tura jiragen dako biyu, Ryujo da Junyo, can arewa zuwa tsibiran Aleutian na Alaska. Shi kansa yana cikin ƙaton jirgin nan Yamato, ɗaruruwan kilomita a bayan masu kai harin. Wasu jiragen dako biyu, Shokaku da Zuikaku, waɗanda suka fi sabunta, sun tsaya a gida: a karon Tekun Coral na farkon Mayu ɗaya ya ji rauni, ɗayan ya rasa jiragen samansa da yawa. Saboda haka Nagumo ya tunkari Midway da huɗu: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu, ɗauke da jiragen sama 248. An kuma ɗora masa aiki biyu lokaci ɗaya, ya rushe tsaron tsibirin, ya kuma yaƙi rundunar Amurka in ta bayyana. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Duk shirin ya rataya ne a kan zaton Amurkawa ba su san komai ba. Alhali a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Pearl Harbor, Kwamanda Joseph Rochefort da mutanensa sun daɗe suna fama da rubutun sirrin rundunar ruwan Japan, wanda suka laƙaba wa JN-25. Ba su iya karanta kowane saƙo gaba ɗaya, gutsure-gutsure suke samu suna harhaɗawa. Sun lura ana yawan ambaton wani wuri da haruffan AF. Rochefort ya haƙiƙance Midway ce, amma wasu jami'ai a Washington ba su yarda ba. Sai aka aika wa Midway umarni ta wayar ƙarƙashin teku, wadda Japan ba ta iya saurare, cewa ta sanar ta rediyo a fili injin tace ruwanta ya lalace. Ba da jimawa ba aka kama saƙon Japan yana cewa AF na fama da ƙarancin ruwan sha. Gardama ta ƙare.

Admiral Chester Nimitz, kwamandan rundunar Amurka a Fasifik, yana da jiragen dako biyu masu lafiya, Enterprise da Hornet. Na uku, Yorktown, ya dawo daga Tekun Coral da raunin bam, an ƙiyasta gyaransa zai ci wata uku. Ma'aikata kimanin 1,400 suka hau shi dare da rana, cikin kwana uku ya koma teku. Nimitz ya tura duka ukun su laɓe arewa maso gabas da Midway, ƙarƙashin Admiral Frank Fletcher da Admiral Raymond Spruance. Jiragen ƙarƙashin ruwan da Japan ta aika su tsare hanya sun iso a makare, Amurkawa sun riga sun wuce.

A nan ya kamata a lura da lissafi. In aka haɗa jiragen saman da ke jiragen dakon Amurka, kimanin 230, da sama da 120 da ke tsibirin, a daidai inda aka gwabza Amurkawa ne suka fi yawan jiragen sama. Yawan rundunar Yamamoto bai amfane shi ba, tun da mafi yawanta ba ta kusa.

Safiyar 4 ga Yuni

Da ƙarfe 4:30 na asuba Nagumo ya tura jirage 108 zuwa Midway, ƙarƙashin Laftanar Tomonaga Joichi. Ya riƙe sauran a ɗakunan ajiya, an ɗaura wa wasunsu tofido, wato makamin da ake saki cikin ruwa ya je ya fasa cikin jirgi. Ya kuma tura jiragen leƙen asiri bakwai kacal su duba tekun gabas. Ɗaya daga cikinsu, na jirgin yaƙi Tone, ya tashi da lattin kusan rabin awa.

Wajen 5:30 jirgin sintirin Amurka ya hango rundunar Nagumo. Jiragen Midway suka tashi kafin maharan su iso, don haka Tomonaga ya ƙona tankunan mai da gine-gine amma filin jirgin bai mutu ba. Da ƙarfe 7:00 ya aiko cewa sai an sake kai hari. A daidai lokacin jiragen tsibirin suka fara kawo wa Nagumo farmaki. Ba su same shi ba, amma sun nuna masa tsibirin na da sauran haƙora. Da 7:15 ya ba da umarni a cire tofido daga jiragen da ya riƙe, a ɗaura musu bama-baman da ake jefawa a tudu.

Ana cikin wannan aiki, da 7:28, jirgin Tone ya aiko cewa ya ga jiragen ruwan abokan gaba guda goma. Nagumo ya dakatar da sauya makaman. Sai 8:20 matuƙin ya ƙara da cewa da alama akwai jirgin dako cikinsu. Admiral Yamaguchi Tamon, mai kula da Hiryu da Soryu, ya ba da shawarar a kai hari nan take da abin da ke hannu. To, amma jiragen Tomonaga sun dawo suna shawagi, mai na ƙarewa, wasu da raunuka. Doron jirgin dako na wancan zamani hanya ɗaya ce: in an jera jiragen da za su tashi, babu mai iya sauka. Nagumo ya zaɓi ya sauke mutanensa tukuna, ya shirya cikakken hari daga baya. A ɗakunan ƙasa kuwa makanikai na ta cire wannan suna ɗaura wancan, makaman da aka sauke an bar su zube a gefe, babu lokacin mayar da su ma'ajiya.

Abin da Nagumo bai sani ba shi ne tun ƙarfe 7:00 Spruance ya fara tura jiragensa. Harin Amurkawa bai zo da tsari ba. Rukunoni sun ɓace wa juna, mafi yawan jiragen Hornet sun bi hanyar da babu kowa. Waɗanda suka fara isowa su ne masu ɗauke da tofido, tsofaffin jirage masu tafiyar hawainiya, da dole su yi ƙasa-ƙasa kusa da ruwa. Rukunin Laftanar Kwamanda John Waldron na jirage 15 ya shiga ba tare da rakiya ba. Jiragen Ziro na Japan suka kakkaɓo su duka. Cikin mutum 30, George Gay kaɗai ya rayu, yana yawo a kan ruwa. Jimilla jirage 41 masu tofido suka kai hari daga jiragen dakon uku, 35 ba su dawo ba, kuma ko tofido ɗaya bai yi ɓarna ba. Amfanin da suka yi shi ne sun hana Nagumo sakat sama da awa ɗaya. Jiragensa na ta kauce-kauce, doronsu kuma ya shagala da saukewa da tayar da jiragen Ziro masu tsaro.

A can sama, Laftanar Kwamanda Wade McClusky na jagorantar jiragen Enterprise masu kai sura, waɗanda kan kifo daga sama kamar shaho kafin su saki bam. Ya isa inda aka ce zai tarar da abokan gaba, bai ga komai ba sai ruwa, ga mai ya yi ƙasa. Bai juya ba, ya ci gaba da nema. Sai ya hango farin kumfar wani ƙaramin jirgin rakiya na Japan, Arashi, wanda ya tsaya farautar jirgin ƙarƙashin ruwan Amurka, yanzu yana sauri ya cim ma 'yan uwansa. McClusky ya bi inda ya dosa. A lokaci guda, ba tare da an shirya ba, jiragen sura na Yorktown ƙarƙashin Max Leslie suka iso ta wata kusurwa.

Da 10:22 aka fara. Bama-bamai da dama suka faɗa wa Kaga. Uku suka sami Soryu. Richard Best, da jirage uku kacal, ya nufi Akagi, bam ɗaya ya huda doron ya fashe a ɗakin ajiya, tsakiyar jirage cike da mai da makamai. Jiragen dakon Japan ba su da na'urar rada, ba su ga maharan ba sai da suka kifo. Cikin 'yan mintoci uku daga cikin huɗun suna ci da wuta, wutar da ba a iya kashewa ba.

Hiryu kaɗai ya rage, kuma Yamaguchi bai ja da baya ba. Harinsa na farko ya sami Yorktown da bam uku wajen tsakar rana. Ma'aikatan jirgin sun riga sun zuƙe man da ke cikin bututun jiragen sama, suka cika su da iskar da ba ta kama wuta, don haka suka shawo kan gobarar, jirgin ya ci gaba da tafiya. Da hari na biyu ya zo, Japanawa suka ɗauka wani jirgin ne daban, suka sake samunsa da tofido biyu. Tomonaga ne ya jagoranci wannan harin da jirgin da tankin mansa ɗaya ya huje tun safe, bai kuwa dawo ba. Wajen ƙarfe 5:00 na yamma jiragen da suka tashi daga Enterprise suka sami Hiryu da bam huɗu. Yamaguchi ya ƙi barin jirgin, ya nutse tare da shi.

Da dare Yamamoto ya so ya riski Amurkawa da manyan jiragensa masu igwa, amma Spruance ya janye gabas ya ƙi ba shi dama. Kafin asubar 5 ga Yuni Yamamoto ya soke aikin gaba ɗaya. Ranar 6 ga wata aka nutsar da jirgin yaƙin Japan Mikuma. A ranar ce kuma jirgin ƙarƙashin ruwa I-168 ya harbi Yorktown da ake ƙoƙarin janyowa gida, tare da ɗan rakiyarsa Hammann. Yorktown ya nutse da safiyar 7 ga Yuni.

Abin da ya biyo baya

Japan ta rasa jiragen dako huɗu da dukan jiragen saman da ke cikinsu, da mutum 3,057. A Kaga kaɗai 811 suka mutu, a Soryu 711. Matuƙa da ma'aikatan jiragen sama 110 ne cikin mamatan, amma an rasa ƙwararrun makanikai sama da 700, waɗanda horar da irinsu ke cin shekaru. Amurka ta rasa mutum 307 da jiragen sama kimanin 150. Hukumomin Japan sun ɓoye wa jama'arsu gaskiya, suka yi shelar nasara, aka killace waɗanda suka ji rauni don kada labari ya fita.

Midway ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba, an ƙara shekara uku ana zubar da jini har zuwa Agustan 1945. Abin da ta yi shi ne ta ƙwace ragama daga hannun Japan. Wata biyu bayan haka, ranar 7 ga Agusta, Amurka ta sauke dakaru a Guadalcanal. Shi kansa Yamamoto, karanta rubutun sirri ne ya yi ajalinsa: an gano tafiyarsa, aka harbo jirginsa ranar 18 ga Afrilu, 1943. Rochefort kuwa, saɓaninsa da jami'an Washington ya sa aka ɗauke shi daga aikin, kuma lambar yabon da Nimitz ya nemar masa ba ta fito ba sai kusan shekara goma bayan rasuwarsa a 1976.

Mu koma ga minti biyar

Mai labarin shi ne Fuchida Mitsuo, wanda ya jagoranci jiragen da suka kai harin Pearl Harbor. Yana cikin Akagi ranar Midway, bai tashi ba saboda an yi masa tiyatar ciki. Ya rubuta littafi tare da Okumiya Masatake a 1951, aka fassara shi zuwa Turanci a 1955. Marubutan Amurka ba su jin Japananci, ga kuma ganau ya yi magana, sai kowa ya kwafa daga gare shi, na baya ya kwafa daga wanda ya kwafa. Labarin ya kuma yi wa kowane ɓangare daɗi. Ga wanda aka ci, ƙaddara ce ta 'yan mintoci, babu batun kuskuren shugabanni. Ga wanda ya ci, abin al'ajabi ne.

A Japan, tarihin yaƙin da hukuma ta wallafa tun 1971 ya saɓa wa Fuchida, amma ba a fassara shi ba. Sai a 2005 Jonathan Parshall da Anthony Tully suka fitar da littafin Shattered Sword. Sun koma ga rajistar tashi da saukar jirage ta kowane jirgin dako, suka kuma yi wata tambaya mai sauƙi: minti nawa ake ɗauka a hauro da jirage daga ƙasa, a jera su, a ɗumama injunansu? Amsar ita ce kimanin minti 45, kuma duk tsawon lokacin babu jirgin da zai iya sauka. Rajistar Akagi ta nuna ya sauke jiragen Ziro da 10:10, kimanin kwata kafin bam ya same shi. Ke nan ba zai yiwu a ce doronsa cike yake da jiragen hari ba. Suna can ƙasa a ɗakunan ajiya, inda wutar ta same su.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu muna rubuta tarihi ne daga abin da aka fassara, ko daga bakin dattawa. Duka biyun hanyoyi ne masu daraja, amma ganau ma yakan manta, yakan gyara, yakan kare mutuncin mutanensa. In dattijo ya ba ka labarin yaƙin Bama, ko na wata masarauta, ka rubuta shi yadda ya faɗa, ka ce shi ya faɗa. Sannan ka tambayi kanka: ina yake tsaye lokacin, bayan shekara nawa ya ba da labarin, kuma shin tafiyar da ya ce an yi cikin kwana ɗaya tana yiwuwa a kan doki ko a ƙafa? In littattafai goma sun faɗi abu ɗaya, ka bincika ko duka daga mutum ɗaya suka ɗebo. Kuma inda labari ya fi daɗi, nan ya fi cancantar a tsaya a duba.

An gano gangar jikin Yorktown a 1998, na Kaga da Akagi kuma a watan Oktoban 2019, kwance a zurfin sama da mita 5,000.